Wa ya rubuta abinda maigida ya sani?

Mu mazauna Idi-Araba ganin ɗaliban likita ba baƙon abu bane a wajenmu, asibitin koyarwa na LUTH gashi nan a hancinmu tun 1962, kullum sai kaga yara da farar riga sun fito sayen abinci ko tarar keke, wasu ko gemu basu tsayar ba, kuma kusan kowanne da ɗan littafi a aljihu. Logbuk suke ce masa. Duk abinda ɗalibi ya gani ko yayi da hannunsa, ɗinkin rauni ne, karɓar haihuwa ce, saka ruwa ne, sai ya rubuta babban likita yasa hannu, in babu sa hannun nan to daidai yake da baiyi ba. Ni ba likita bane, ɗan kasuwa ne mai son karance-karancen tarihi, amma abinda na lura dashi shine wannan ɗan littafin ya girmi makarantun likitancin kansu, kuma da yawan abinda manyan likitocin da suka sani da ya bi su kabari in ba don wani yaro dake zaune a gefe yana rubutawa ba.

Da can ai likitanci koyonsa ake kamar yadda ake koyon teloli ko kanikanci a nan Mushin, a kai ka wajen oga ka zauna shekaru sannan ayi maka firidom. A Ingila haka abin yake har cikin shekarun 1800. Uba zai ɗauki ɗansa ɗan shekara 14 ko 15 ya kai shi gidan likitan gari, ya biya kuɗi, a rubuta takardar yarjejeniya, yaro ya koma gidan da zama gaba ɗaya, ba aure ba caca ba zuwa mashaya har sai ya gama. Shekarun farko shara ce da wankin kwalabe da dakan magani a turmi da mulmula ƙwayoyi da kai saƙo, daga baya a fara barinsa ya cire haƙori ko ya tsaga jijiya ya fitar da jini, in za'a yanke ƙafa shi ne mai danne mara lafiya sabida maganin sa barci na tiyata sai 1846 aka fara amfani dashi. A 1815 ma doka akayi cewa duk mai son lasisin haɗa magani da duba marasa lafiya sai yayi shekara 5 a hannun maigida. Edward Jenner da ya kawo rigakafin agana a 1796 ta nan ya biyo, bai wuce shekara 14 ba aka kai shi wajen wani likitan ƙauye kusa da Bristol, sai a 1770 ya tafi Landan wajen John Hunter.

Labarin Hunter ɗin nan shi yafi tsaya min a rai. Babban likitan fiɗa ne, ya shafe rayuwarsa yana feɗe gawa da dabbobi yana tara rubuce-rubuce tuli guda waɗanda bai buga ba. A 1792 aka kawo masa wani yaro maraya ɗan talakawa mai suna William Clift, shekararsa 17, ba'a biya ko sisi ba, an ɗauke shi ne don hannunsa yana da kyau wajen rubutu da zane. Ko shekara 2 basuyi tare ba Hunter ya faɗi ya mutu a 1793. Yaron nan aka bari da gadin kayan binciken da Hunter ya tara, ga yunwa ga rashin kuɗi, shi kuma sai ya zauna yana kwafe takardun maigidansa ɗaya bayan ɗaya ba wanda yasa shi. Daga baya ƙanin matar Hunter, Everard Home, wanda shi ma babban likita ne, ya kwashe takardun ya kai gidansa, a 1823 ya cinna musu wuta, yace wai wasiyyar mamacin ce, mutane kuma suka ce ƙarya ne, ya daɗe yana tsakurar abin ciki yana bugawa da sunansa shiyasa ya ƙone shaida. Allah masani. Abinda dai ya tsira shine wanda yaron nan ya kwafa, kuma shi aka buga a 1861. Kaga wanda aka ɗauko don wanke kwalba da jan layi shi ya ceci ilimin gidan.

Kar wani yace ai wannan al'adar Turawa ce. Shekara ɗari takwas da wani abu kafin Hunter akwai Abubakar Ar-Razi, mutumin Rayyu kusa da Tehran ta yanzu, wanda ya riƙe asibiti a garinsu da kuma Bagadaza, ya rasu wajen 925. Yadda aka bada labarin zamansa, yana zaune ne ɗalibai sun kewaye shi sahu sahu, mara lafiya in yazo sai ya fara da na bakin waje wato ƙananan, in sun gane ciwon shikenan, in ya gagare su a miƙa shi sahu na gaba, sai abin ya gagari kowa sannan malam ya buɗe baki. Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibitin koyarwa yaga yadda ƙaramin likita ke fara yi masa tambayoyi kafin babban ya iso da tawagarsa zai gane tsarin. Babban littafinsa Al-Hawi, wanda a bugun zamani ya haura mujalladi 20, shi kansa bai haɗa shi a matsayin littafi ba, takardun ajiyarsa ne da yake rubutawa don kansa, abinda ya karanta da abinda ya gani, bayan ya rasu aka karɓo su a hannun 'yar uwarsa aka sa ɗalibansa suka jera. An juya shi zuwa Latin a 1279, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantawa. Akwai kuma wani na daban, Kitabut Tajarib, wannan kam ɗalibai ne suka rubuta a zaune gabansa, wane yazo da kaza, malam ya duba fitsarinsa yace kaza, aka bashi kaza, ɗaruruwan marasa lafiya.

Abinda ya burge ni da Razi ba yawan rubutun bane. A cikin takardun akwai wani mutum da zazzaɓi ke ta zuwa masa yana tafiya ba tsari, Razi ya daɗe yana ruɗewa kafin mugunya ta fito a fitsari ya gane matsalar a ƙoda take, sai ya rubuta da hannunsa cewa mara lafiyan bai gaya masa yana jin nauyi a ƙugu ba, shi ma kuma bai tambaya ba. Babban likitan zamaninsa fa, ya rubuta inda yayi sakaci don na baya ya gani. Ku riƙe wannan zamu dawo kansa.

To mu fa? Mu ma ai muna da namu likitocin tun kafin Bature, wanzami da maɗori da ungozoma da mai ganye da malami, kuma dukkansu a gaban babba ake koya, galibi ma gado ne. Har gobe in kaje Agege wajen Zango zaka samu wanzamai da zabirarsu. Akwai wani dattijo da nake zuwa wajensa aski, rannan na tarar yana yiwa wani bawan Allah ƙaho a baya, ya kafa ƙahon ya zuƙe iskar da baki ta ɗan hujin sama ya toshe, ya bari fata ta kumburo sannan ya cire yayi tsaga ƙanana da sabuwar reza ya sake kafawa, ɗansa kuma yana tsugune a gefe ko ƙiftawa bayayi, shi ke miƙo ƙaho shi ke wankewa shi ke zubar da jinin. Nace Baba, duk wannan abin da kake nuna masa akwai inda yake rubutawa kuwa? Sai yayi dariya yace rubutu kuma ɗana? Ai wannan aikin ido ne da hannu, ni a wajen babana na gani shi ma a wajen nasa, takarda zata gaya maka zurfin da aska zata shiga ne? Nace to maganin tsayar da jini fa, na kaciya? Yace wannan kam da sauransa, sai naga yayi hankali zai iya riƙe amana tukunna.

Maganarsa ta farko gaskiya ce ba musu, ko a LUTH ɗin ba'a koyon ɗinki daga littafi. Ta biyun ce ke damuna. Dattijon nan ya haura saba'in, yana zaune a garin da ɗan acaba zai iya kwashe mutum kowane lokaci, in ta Allah ta kasance gobe to maganin ya tafi kenan, mai kyau ne ko mara kyau ba wanda zai ƙara sani balle a gwada shi. Kuma abu kamar cire beli da ake yiwa jarirai, wanda likitoci suka daɗe suna hanawa sabida zubar jini da cutar sarƙe haƙora, da ace tun kakanni kowane wanzami yana rubuta yaro nawa ya yiwa da nawa ne suka kwana lafiya, inaga da su da kansu zasu fara ajiye wannan aikin ba sai an zo ana wayar musu da kai a rediyo ba.

Waɗanda suka yi rubutu a cikinmu malamai ne, su ke da kundi. Duk wanda ya tashi gidan malamai ya san shi, takardu warwara ba ɗinki a cikin gafaka, tawadar gargajiya, Larabci da ajami a cakuɗe, nan addu'a nan hatimi nan kuma maganin basir ko shawara ko ciwon ciki, a nemo saiwar kaza da sassaƙen kaza a jiƙa da jar kanwa a sha kwana bakwai. Almajiri in ya daɗe yana hidima malam ya yarda dashi sai a bashi ya kwafa, in ya tafi wani gari wajen wani malamin ya ƙaro, haka kundi ke kumbura. Wannan littafin ɗalibi ne sosai, kuma akwai sanin itatuwa a ciki mai yawa, sabara, marke, bagaruwa, maɗaci, filasko, abubuwan da yanzu 'yan jami'a ke ɗauka suna kaiwa ɗakin gwaji. Amma ina da ƙorafi a kansa, da girmamawa. Da wuya kaga awo, ɗan kaɗan ne ko cikin tafin hannu, tafin wa? Na ƙato ko na yaro? Sannan wasu da gangan suke cire abu ɗaya basa rubutawa, wai mabuɗi, sai baki da baki, don ko an sace kundin ya zama banza. Babban abin kuma shine babu mara lafiya a ciki. Magani ne kawai, a ƙarshe a rubuta sahihun mujarrabun, ingantacce ne an jarraba. A kan wa aka jarraba, mutum nawa, wa ya warke wa ya mutu, shiru. Nan ne muka rabu da Razi, shi ya rubuta inda ya kasa, mu kowane shafi nasara ce.

Kuma ɓoye-ɓoyen nan ba daga manyanmu muka gada ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, duk da mulki da yaƙi ya zauna ya rubuta littattafai kan magani, akwai na basir akwai na ciwon ido akwai na magungunan da suka zo a hadisi, a fili don kowa ya kwafa. Da Bature Clapperton ya iso Sakkwato a 1824 cikin abubuwan da Bello ya nema harda a turo masa likita daga Ingila. Mutum ne mai son ya san abinda wasu suka sani.

Likitancin boko ma da ya shigo ƙasar nan ta hanyar yaron gida ya fara. A 1861 wani likitan mishan a Abeokuta, Dakta Harrison, ya ɗauki samari 4 yana koya musu a gabansa, ɗaya daga ciki Nathaniel King shi ya ƙarasa har Edinbara ya gama a 1876 ya dawo yayi aiki a nan Ikko, bai kai shekara 40 ba ya rasu a 1884. Daga baya Turawan mulki suka ƙara matse ƙofa, a 1902 suka kafa ma'aikatar likitocin Afirka ta Yamma suka ce sai farar fata zalla. A 1930 aka buɗe makarantar likita a Yaba, nan bayanmu, yara suyi shekaru suna karatu suna bin likitoci a asibitin gwamnati na cikin tsibiri, amma in sun gama sunansu mataimakin likita, takardarsu bata aiki a wajen Najeriya, albashi kuma ƙasa da na Bature nesa ba kusa ba alhali aiki ɗaya suke. Haushin wannan raini na kwalejin Yaba yana cikin abinda ya haifar da ƙungiyar matasan Legas a 1934, su Ernest Ikoli da Dakta J.C. Vaughan, wadda ta zama ta Najeriya gaba ɗaya daga baya. Michael Okpara, wanda daga baya ya zama Firimiyan Gabas, a makarantar Yaba ɗin nan yayi karatun likita. A 1948 aka kwashe ɗaliban zuwa Ibadan. Mu a Arewa kuwa likitanmu na farko, Dakta Barau Dikko na Wusasa wanda asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa, nan Legas yayi King's College kafin ya wuce Birmingham.

Amma gaskiya talakan Arewa na wancan lokacin ba likita yake gani ba, malamin asibiti yake gani a disfensaren En'e, kuma littafin irin waɗannan mutanen na taɓa riƙewa da hannuna. Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya fito min dashi daga ƙasan akwati da yaji ina wannan surutun, na mahaifinsa ne da yayi aikin a shekarun 1950, mai kaurin bango, gefensa duk ya cinye, shuɗiyar tawada ta koma ruwan ƙasa. Shafukan farko kwafe ne tsantsa, yadda ake tafasa sirinji da allura, awon kwinin na babba da na yaro, zanen ƙasusuwan hannu an rubuta sunan kowanne da Turanci a ƙasa kuma da Hausa da ƙananan baƙaƙe, nan da can jan biro na likitan da ke zuwa rangadi ya soke ya gyara. Daga tsakiya sai ya ja layuka da kansa, rana, ciwo, abinda aka bayar, sai layin ƙarshe yadda aka ƙare. Gyambo a ƙafa an wanke an sa aidin an ɗaure, ya warke. Kurkunu an naɗe a tsinke ana ja kaɗan kaɗan kullum, ya fita. Ciwon sanyi. Kyanda. Cizon maciji. Da yawa a layin ƙarshen abinda ya rubuta shine bai dawo ba, bai ce ya warke ba tunda bai gani ba, wallahi wannan kaɗai ya isa in yarda da mutumin. Akwai wani shafi na lokacin zafi, yaro an kawo shi da sanƙarau bayan an kwana uku ana masa turare a gida, ya rubuta ƙwayar M&B, maganin kashe ƙwayoyin cuta na wancan zamanin, da ya bashi da lokacin da ya bayar, da lokacin da yaron ya cika cikin dare. A gefen shafin da ajami, inda likitan rangadi ba zai iya karantawa ba, ya rubutawa kansa cewa duk yaron da wuyansa ya ƙage kar a jira safiya. Nace Baba wannan ai dukiya ce kake ajiye da ita. Yace to ɗana wa zai karanta, jikokin ma waya suka sani.

Yanzu ku je kemis ɗin unguwa, ko Mile 12 ko Alaba Rago ko nan Idi-Araba, koyon magani a hannun oga bai mutu ba sam, yaranmu da yawa a ciki suke, wasu a Idumota suka koyo. Yaro zaiyi shekaru yana kallon yadda oga ke haɗi, mai zazzaɓi da ciwon jiki a zuba masa fara biyu ja ɗaya da kafso a ƙulle a leda, harda antibayotik na kwana ɗaya, wani ma a shiga dashi bayan labule ayi masa allura alhali lasisin irin wannan shagon bai yarda da allura ba. Littafi kam akwai shi a kan kanta, buɗe ka gani, farashin kaya ne da sunayen masu bashi. Ba na zagin kowa, da yawansu su ne asibitin talaka ƙarfe biyun dare kuma suna taimako, amma yaron da zai buɗe nasa shagon baɗi bai taɓa rubuta wa ya ba me ba balle ya bi sawu yaji ya aka kwana, duk wanda bai dawo ba a wajensa ya warke ne. Malamin asibitin En'e da ko sakandare baiyi ba ya fi shi tsari.

Masu kundi ko tsohon littafin asibiti a gida, dan Allah ku duba shi kafin gara da damshin Legas su gama dashi, damshin nan na bakin teku ba irin na Kano bane, shekara kaɗan takarda ke manne da juna tayi funfuna. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya a wajen haske, gaba da baya, kuma a jere yadda kuka same shi, in kundi ne warwara ku lura da kalmar da ake rubutawa ita kaɗai a ƙasan shafi, ita ce farkon shafi na gaba, da ita ake gane jerin in ya hargitse. In akwai sunayen marasa lafiya a rufe su kafin a saka a Facebook ko WhatsApp, jikokinsu suna nan da rai. Gidan Arewa a Kaduna da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato suna ajiye tsofaffin rubuce-rubuce irin waɗannan, za'a iya tuntuɓarsu. Kuma kar a kai shi shagon kwamfuta ayi masa laminatin, zafin injin da gam ɗin lalata tsohuwar takarda suke, in an manne kuma ba'a ɓarewa.